Yadda Za Ka Lissafa Kuɗin Lasisi Ka Kuma Sauya Masa Gida Kafin Ka Canza Na'urorin Wi-Fi

Duk wanda ya tashi sabunta na'urorin Wi-Fi na ofis, makaranta, otal ko kamfanin raba intanet, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce farashin ƙarfen: nawa ake sayar da sabuwar na'urar, kuma guda nawa za su isa. Lasisi sai can daga baya ake tunawa da shi, wani lokaci ma sai kaya sun iso an buɗe kwali. A nan ne mutum ke gano cewa lasisin da ya biya shekarun baya ba zai bi shi zuwa sabuwar na'ura ba, ko kuma zai bi shi amma an riga an sayar masa da wani sabo da ba ya buƙata. Duka biyun asara ce, kuma ana iya kauce musu da aikin takarda na 'yan kwanaki. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: kowane lasisi a ɗaure yake da wani abu, ko da jikin na'ura, ko da na'urar da ke kula da su duka, ko da asusun da aka buɗe a wurin kamfanin. Sai ka san inda naka yake ɗaure sannan za ka san ko zai kwantu.

Mataki na farko: ƙidaya abin da ke hannunka

Ka buɗe takarda ɗaya, ko a kwamfuta ko a littafi, ka jera kowace na'ura da ke cikin tsarin. Ba na'urorin watsa Wi-Fi kaɗai ba, waɗanda masu sana'ar ke kira AP, har da kwantirola mai kula da su, da suwic ɗin da ke ba su layi da wuta, da rauta ko katangar tsaro da ke bakin ƙofa, da sabar da ke tantance masu shiga. A gaban kowacce ka rubuta samfurinta, lambar siriyal, sigar manhajar da ke kanta, irin lasisin da take aiki da shi, ranar ƙarewarsa idan yana ƙarewa, da sunan asusun da aka saye shi a ciki.

Kada ka dogara da rasit kaɗai, domin rasit yana faɗa maka abin da aka saya ne, ba abin da ke aiki yau ba. Ka tambayi na'urar da kanta. A MikroTik, umarnin /system license print zai nuna maka lambar shaidar manhaja da matakin lasisin. A kwantirolar Cisco Catalyst 9800, show license summary zai nuna abin da ake ci. A kwantirolar Aruba akwai show license. A Meraki kuwa shafin lasisi na Dashboard yana nuna adadin da aka biya wa, adadin da ke aiki, da ranar da wa'adi zai cika. Idan abin da na'ura ta nuna ya saɓa wa rasit, ka warware wannan tukuna. Sau da yawa a nan ake tsintar lasisin da aka saya aka manta ba a taɓa sakawa ba.

Mataki na biyu: gano abin da lasisin yake ɗaure da shi

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, don haka zan tsaya a kansa.

Akwai lasisin da ke ɗaure da jikin na'ura. Mafi bayyana a nan shi ne RouterOS, manhajar da ke tafiyar da na'urorin kamfanin MikroTik da ke ƙasar Latbiya. Duk na'urar RouterBOARD tana zuwa da lasisinta a ciki, ba ya ƙarewa, kuma ba a cire shi a kai wa wata. Idan ka ajiye tsohuwar, lasisin ya tafi tare da ita. Wannan ba ya cika zama matsala tunda sabuwar ma da nata take zuwa, sai dai matakin ne ya kamata ka sa wa ido. Lasisi mai mataki na 3 na na'urar da ke karɓar sigina ne a gidan kwastoma, ba ya barin ta zama AP mai ɗaukar mutane da yawa. Mataki na 4 yana ba da damar zama AP, da masu shiga hotspot ko PPPoE har 200 a lokaci guda. Mataki na 5 ya kai 500, na 6 ba shi da iyaka. Matsalar da ake yawan faɗawa ita ce wannan: mutum ya taɓa saya wa tsohuwar rautarsa mataki na 5 ko na 6 saboda kwastomominsa sun yi yawa, sai ya sayi sabuwa mai ƙarfin injin da ya fi, amma da mataki na 4 ta zo. Ranar da mutum na 201 ya nemi shiga, ƙofa a rufe. Kuma a tsarin MikroTik ba a biyan cikon kuɗi a hau mataki na gaba, sabon makulli ake saya cikakke.

Idan RouterOS ɗinka a kan kwamfuta yake, lasisin yana ɗaure da faifan ajiya ne. Za ka iya cire faifan ka saka a sabuwar kwamfuta ya ci gaba da aiki, amma idan ka goge shi da wata manhajar da ba ta MikroTik ba, ko ka sake raba shi, ka yi sallama da lasisin. Akwai makullin maye da kamfanin ke bayarwa a kan ɗan kuɗi kaɗan idan faifai ya mutu, amma an yi shi ne don lalacewa, ba don wanda ke son ƙaura ba. Wanda ke hasashen zai riƙa canza saba, CHR, wato nau'in RouterOS da aka yi don aiki a cikin saba, ya fi masa sauƙi, domin nasa lasisin yana zaune ne a asusunka na MikroTik, ana iya ɗauke shi daga wata sabar a kai wata. Shi matakansa na gudu ne: na kyauta megabit 1 a kowace kafa, P1 gigabit 1, P10 gigabit 10, sai marar iyaka.

Masu raba intanet ta rediyo mai nisa su ma sun san irin wannan. A wasu na'urorin Cambium, makullin da ke buɗe ƙarin gudu ko ƙarin adadin kwastomomi ana ƙirƙirar shi ne da lambar na'urar da aka saya masa. Akwai AP ɗin ePMP da ake sayarwa da iyakar kwastomomi 10 sai an sayi makulli ya buɗe sauran, akwai kuma na'urorin PMP 450 na gidan kwastoma da ke zuwa da iyakar megabit 4, 10 ko 20. Kafin ka sauke irin waɗannan daga hasumiya, ka ɗauka cewa kuɗin makullin ya tafi da su, sai in kamfanin ya rubuta maka akasin haka.

Iri na biyu shi ne lasisin da ke ɗaure da kwantirola. A tsoffin kwantirolin Cisco irin su 5508, ana sayen lasisi ne na adadin AP da kwantirolar za ta ɗauka, kuma a jikinta yake zama. Aruba ma haka take ƙirgawa: lasisin AP ɗaya ga kowace na'ura, da ƙarin lasisin PEF na katangar tsaro da RFP na gadin iska idan kana amfani da su. Ruckus SmartZone ita ma da adadin AP take lissafi. Alherin wannan tsari shi ne bai damu da samfurin AP ba. Idan kana da lasisin 50, ka sauke tsofaffi 50 ka ɗora sababbi 50, ba ka ƙara ko kwabo ba, muddin kwantirolar ta san sababbin. Sharrinsa kuma yana fitowa ne ranar da kwantirolar kanta za ta tafi, wanda zan zo kansa a mataki na huɗu.

Iri na uku shi ne wanda ya mamaye kasuwa a shekarun nan: lasisin haya da ke ɗaure da asusu. Ana biyan wa'adi, shekara ɗaya, uku, biyar ko fiye, ana kuma kula da na'urorin ta sabar kamfanin a intanet. Meraki, wanda Cisco ya saya a 2012, da Mist wanda Juniper ya saya a 2019, da Aruba Central, duk a nan suke. Abu biyu za ka tambaya game da irin wannan. Na farko, shin lasisin na samfuri ne ko na jinsi? A Meraki, lasisin AP na jinsin MR ne gaba ɗaya, don haka tsohuwar MR ta fita sabuwa ta shiga a kan lasisi ɗaya. Amma lasisin suwic na MS da na katangar MX da samfuri ake sayen su, wanda ka saya wa ƙaramar MX ba zai rufe babba ba. Na biyu, me ke faruwa ranar da wa'adi ya cika? Amsar ba ɗaya ba ce. A tsarin Meraki mai rana ɗaya, wato inda duk lasisin ma'aikata ke ƙarewa a rana guda, akwai sassauci na kwana 30, bayansa na'urorin su daina wuce da bayanan mutane. A wasu kamfanonin na'urar za ta ci gaba da aiki, sai dai ka rasa shafin kula ko wasu ayyuka. A AP ɗin Cisco Catalyst lasisin kashi biyu ne, akwai na dindindin da ke riƙe ainihin aikin, akwai na wa'adi da aka fi sani da DNA wanda ake saya na shekara 3, 5 ko 7. Bambancin da ke tsakanin "ka rasa rahoto" da "intanet ya ɗauke a asibiti" ba ƙarami ba ne, kuma a ganina wannan tambaya ta fi ta farashi muhimmanci.

Akwai kuma waɗanda ba sa karɓar kuɗin lasisi a kan kowace AP: UniFi na Ubiquiti, Omada na TP-Link idan kwantirolar a wurinka take, Ruckus Unleashed, da FortiAP idan FortiGate ce ke kula da su. A nan iyakar tana zuwa ne ta adadin na'urorin da kwantirolar za ta iya ɗauka. Ka duba wannan adadi, domin shi ne zai iya tilasta maka sayen babbar na'ura.

Mataki na uku: asusun na wane ne?

Gajere ne amma kada ka tsallake shi. Idan dilan da ya kafa maka tsarin shi ya buɗe asusun da adireshin imel nasa, ko wani ma'aikaci da ya bar aiki ya buɗe da nasa na kansa, to a idon kamfanin lasisin ba naka ba ne tukuna. Ka shiga da kanka ka tabbatar kana da cikakken iko, da imel na ma'aikatarka, kuma aƙalla mutum biyu ne ke riƙe da shi. Idan lasisin yana cikin asusun dila tare da na wasu kwastomominsa, ka nemi a raba a mayar maka da naka tun kuna shiri. Neman wannan bayan ka sanar da shi za ka koma wani dilan ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Mataki na huɗu: bi sarƙar har ƙarshe

Sabuwar AP ba ta zuwa ita kaɗai. Ɗauki misalin wanda ke son hawa Wi-Fi 6E ko Wi-Fi 7 don ya samu zangon gigahaz 6, wanda Amurka ta buɗe wa Wi-Fi a 2020, wasu ƙasashe suka biyo baya, wasu kuma har yanzu ba su buɗe ba. Idan kwantirolarsa ta Cisco ce mai tsohuwar manhajar AireOS, ba za ta ɗauki AP ɗin gigahaz 6 ba, dole ya koma Catalyst 9800. Komawar kuwa ba canjin akwati ba ne kawai, canjin tsarin lasisi ne: daga adadin da ke zaune a jikin kwantirola zuwa lasisi ga kowace AP a cikin Smart Account, wato asusun lasisi na Cisco. Haka a Aruba, wanda ya bar manhajar AOS 8 ya koma AOS 10 ya shiga tsarin da sai da biyan Central. Lasisin dindindin da ka tara a tsohon tsari ba ya rikiɗewa da kansa ya zama na sabo. Wani lokaci kamfani yana da shirin rangwame ga masu ƙaura, amma sai ka tambaya, kuma sai kafin a rubuta oda.

Sarƙar tana juyawa ta baya ma. Sabuwar manhajar kwantirola da za ta karɓi sababbin AP tana iya daina karɓar mafi tsufa a cikin naka. Wanda ya yi niyyar canza hawa ɗaya na gini a bana, sauran baɗi, sai ya tarar babu sigar manhaja ɗaya da ta haɗa tsofaffin da sababbin. Kowane kamfani yana da jadawalin da ke nuna wace AP ke tafiya da wace siga. Ka buɗe shi ka nemo sigar da ta ƙunshi duka samfuran da za su zauna tare. Idan babu, ko dai ka canza duka lokaci guda, ko ka riƙe kwantirola biyu na ɗan lokaci, kowacce da lasisinta da kwangilar tallafinta.

Sai wuta da layi. A cikin ma'aunan wutar da suwic ke turawa ta wayar layi, 802.3af na 2003 yana ba da wat 15.4, 802.3at na 2009 yana ba da 30, 802.3bt na 2018 ya kai 60 zuwa 90. Manyan AP na yanzu da yawa suna son at ko bt, da kafar gigabit 2.5 ko fiye, idan ba su samu ba sai su kashe wani rediyo ko su rage ƙarfi. Wato sabon suwic ya shigo lissafi, shi ma da lasisinsa. Suwic ɗin Catalyst 9300, alal misali, ana sayen sa ne tare da lasisin wa'adi tun ranar farko. Ƙarshen sarƙar shi ne sabar tantance masu shiga irin su ISE ko ClearPass, waɗanda ke ƙirga na'urorin mutane ne ba AP ba. Idan sabon tsarin zai jawo ƙarin wayoyi da kwamfutoci, nan ma adadi zai tashi.

Mataki na biyar: yi lissafin shekara biyar, ba na ranar saye ba

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce kana buƙatar AP 40. Kamfani na farko yana sayar da kowacce a kan 100, lasisi 25 a shekara. Na biyu yana sayarwa a kan 140, babu lasisi, amma akwai kwantirola ta 600. Ranar saye, idan lasisin shekara ɗaya ka biya, na farko 5,000 ne, na biyu 6,200. Bayan shekara biyar na farko ya zama 9,000, na biyu yana nan a 6,200. Wanda ya kalli takardar farashi ta ranar farko kaɗai zai zaɓi na farko yana ganin ya yi arha.

Amma kada ka tsaya nan ka yanke cewa marar lasisi ne ya yi nasara. Ka tambayi me kuɗin hayar ke saya. A Meraki ya ƙunshi sabunta manhaja da tallafin kamfani. A wasu tsare-tsaren dindindin, sai ka biya kwangilar tallafi daban duk shekara kafin a bar ka ka sauke sabuwar manhaja. A marar lasisi, kai ne za ka riƙe kwantirola, ka ajiye kwafin saituna, ka tanadi na'urorin ko-ta-kwana, kuma lokacin wanda zai yi wannan aiki kuɗi ne. Ka sa kowanne a layinsa. Ra'ayina shi ne wurin da ke da ƙwararren ma'aikaci a zaune kuma gini ɗaya ne ko biyu, da wuya haya ta biya kuɗinta. Wurin da ke da rassa ashirin a warwatse da mutum ɗaya mai kula da su, sau da yawa ta cancanta.

Akwai lissafi ɗaya da ke ruɗa mutane a tsarin Meraki mai rana ɗaya, inda duk lasisin ma'aikata ke ƙarewa tare. Tsarin kamar randa ɗaya ce da kowa ke zuba ruwa kowa ke ɗiba. A ce kana da AP 20 da saura shekara ɗaya, sai ka ƙaro 10 da lasisin shekara uku. Ashirin sau ɗaya 20 ne, goma sau uku 30, jimilla 50. Ka raba wa na'urori 30, kowacce ta samu shekara ɗaya da wata takwas, wato wata 20. Ba a cuce ka ba, tsofaffin sun samu ƙari, amma wanda ya rubuta wa shugabansa cewa sababbin sun huta har shekara uku zai sha tambaya bayan wata 20. Idan da suwic da katanga a ciki, ana auna kowanne ne da nauyin farashin lasisinsa, don haka ka yi amfani da na'urar lissafin da kamfanin ya tanada kafin ka saya.

Abu na ƙarshe a lissafin: ranar da kamfani zai daina tallafa wa na'ura. Cisco ya saba ba da shekara biyar bayan daina sayar da samfuri. Kada ka sabunta lasisin samfuri na shekara biyar a kan suwic ko katangar da saura mata shekara biyu.

Mataki na shida: sa dila ya amsa a rubuce

Maganar baki ba ta da amfani ranar da aka samu saɓani. Ka aika masa da jerin da ka yi a mataki na farko, ka nemi ya rubuta a gaban kowane lasisi ko zai ƙaura, ko za a musanya shi da rangwame, ko ya mutu. Ka tambaye shi yaushe agogon sabon lasisin zai fara tafiya, domin a wasu tsare-tsare daga ranar da aka kammala odar yake farawa, ba ranar da ka ɗora na'ura a silin ba, kuma idan kaya suka yi wata uku a hanya, wata ukun nan ka biya su. Ka tambayi farashin sabuntawa bayan wa'adin farko, tunda rangwamen shigowa ba ya cika dawowa. Ka tambayi ko matakin lasisin da aka rubuta maka shi ne kake buƙata: Essentials ko Advantage a Cisco, Foundation ko Advanced a Aruba Central, Enterprise ko Advanced a Meraki. Idan ba za ka iya faɗin aiki ɗaya da kake buƙata daga babban matakin ba, ƙaramin ya ishe ka. Ka kuma tambaya ko ana iya cakuɗa matakai biyu a tsari ɗaya, domin inda ba a yarda ba, buƙatar AP biyar tana iya ɗaga kuɗin ɗari.

Ka bambance maye gurbin na'urar da ta lalace a ƙarƙashin garanti da sabuntawa ta son rai. A na farko kamfanoni sukan mayar da lasisi kan sabuwar ba tare da kuɗi ba. A na biyu dokar daban ce, kuma dila yana iya amsa maka da dokar farko alhali ta biyu ka tambaya.

Mataki na bakwai: ranar sauyi

Kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafin saituna da na fayilolin lasisi da makullai, ka ɗauki hoton shafin lasisi yadda yake da kwanan wata. Ka tabbatar sababbin lasisin sun bayyana a asusunka kafin ka kashe tsohuwar na'ura ko ɗaya.

Sannan ka kula da lokacin haɗuwa, inda tsofaffi da sababbi ke aiki tare. Idan lasisinka 50 ne ka kunna sababbi 20 ba ka sauke tsofaffi ba, kana da 70. A kan kwantirola, na sama da adadin suna iya ƙin shiga. A Meraki ma'aikatar gaba ɗaya za ta shiga kwana 30 na sassauci. Mafita ita ce aiki rukuni-rukuni: ka sauke biyar, ka cire su daga tsarin a shafin kula, ka ɗora biyar. A tsari irin na Meraki, cire waya daga jikin na'ura ba ya sakin lasisinta, sai ka cire ta a shafin. Inda haɗuwar ba makawa ce, ka nemi lasisin gwaji na wucin gadi tun da wuri, kamfanoni da yawa suna bayarwa don irin wannan.

Ga wani wuri da ya kamata ka rage gudu. Lokacin da kake saka sabon makulli a Dashboard na Meraki mai rana ɗaya, za a tambaye ka ko ƙarin na'urori kake yi wa lasisi ko sabunta na ma'aikatar kake yi. Zaɓin farko yana ƙara adadi a kan wanda kake da shi. Na biyu yana maye gurbin adadin da abin da ke cikin sabon makullin. Wanda ke da AP 20, ya sayi lasisin ƙarin 10, ya danna sabuntawa bisa kuskure, zai ga adadinsa ya koma 10 alhali na'urori 30 ke aiki.  Ka karanta abin da shafin ya nuna maka zai faru kafin ka tabbatar.

Idan kwantirolarka tana buƙatar kai rahoton lasisi ga sabar kamfani, ka gwada hanyar tun ranar farko: katangar tsaro ta bar ta ta fita, agogonta daidai yake, tana iya gano sunan sabar. Wurin da ba a yarda na'urori su taɓa intanet ba yana da hanyoyin kai rahoto da hannu ko ta saba ta cikin gida, amma shirya su yana cin lokaci.

Mataki na takwas: tsofaffin na'urori, da sayen na hannu

Duk na'urar da za ta fita, ka mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta don goge kalmomin sirri da takardun shaida, ka sake ta daga asusunka, ka kuma cire lambarta daga kwangilar tallafi. Mutane sukan ci gaba da biya wa na'urorin da ke kwance a sito tsawon shekaru saboda dila yana sabunta tsohon jeri ne kawai. Lasisin da suka koma babu mai ci, ka rubuta adadinsu, su ne za ka fara amfani da su idan an buɗe sabon reshe.

Idan kai ne mai sayen na hannu, na'urar da ake kula da ita ta intanet ba ta da amfani muddin tana cikin asusun mai ita na farko, don haka ka sa mai sayarwa ya sake ta, ka shigar da lambarta a naka asusun ka ga ta karɓu, sannan ka biya. Ka duba lambar yankin da ke jikin AP, domin wadda aka yi wa wata ƙasa tana iya ƙin aiki da kwantirolar da aka saita wa wata. Game da manhajar da ke kai kuma, ƙa'idar Cisco ita ce lasisi ba ya bin ƙarfe zuwa hannun sabon mai shi sai an sake yi masa lasisi ko kamfanin ya amince da sauyin. A Tarayyar Turai akwai hukuncin babbar kotunta na Yulin 2012 a shari'ar UsedSoft da Oracle, wanda ya halatta sake sayar da lasisin dindindin muddin mai sayarwa ya daina amfani da nasa kwafin, amma hukuncin bai shafi lasisin haya ko kwangilar tallafi ba, kuma a wajen Tarayyar ba ya aiki. Na'urorin MikroTik a nan sun fi sauƙin sha'ani tunda lasisin a jikinsu yake: ka kunna ta a gaban mai sayarwa, ka duba matakin, ka gwada shi da adadin kwastomomin da kake sa ran ɗorawa a kanta nan da shekara biyu.